Kifin Barcelona: Yadda Ofishin Frank Gehry Ya Koyi Zanen Gini da Manhajar Jirgin Yaƙi

A garin Weil am Rhein na ƙasar Jamus, dab da iyakar Suwizalan, akwai wani farin gini da aka kammala a 1989, gidan baje kolin kayan zane na kamfanin Vitra mai ƙera kujeru. A bayansa akwai matakala mai murɗewa kamar katantanwa. Baƙo zai wuce ta bai lura da komai ba. Amma wanda ya zana ginin, Frank Gehry, ya daɗe yana ambaton wani ɗan ƙullutu a jikinta, wurin da layin da ya kamata ya lanƙwasa sumul ya yi 'yar karaya. Ba magina ne suka yi kuskure ba. Abin da aka ba su a takarda shi suka gina. Takardar ce ta gaza.

Sai an fahimci yadda takarda take gazawa kafin a gane sauran labarin. Gini yana da tsawo da faɗi da tsayi, ita kuwa takarda a shimfiɗe take. Don haka mai zane yakan daddatsa ginin da ke cikin kansa: ya nuna shi daga sama kamar an yaye rufin, ya nuna fuskarsa daga gaba da gefe, sannan ya yanka shi tsakiya kamar kankana don a ga cikinsa. Idan bango miƙaƙƙe ne, magana ta ƙare. Ka ba birkila tsawo, ka ba shi tsayi, ya ja igiya ya kama aiki. Amma idan bangon yana lanƙwasa yana kuma karkacewa, ta yadda kowane taku yana da nasa awon, ko yanka ɗari ka zana akwai abin da zai faɗa tsakanin wannan yanka da wancan. Wannan giɓin magini ne zai cike shi da zato. Ɗan kwangilar da ya san zato zai yi kuwa ba ya wasa, sai ya ɗora kuɗin tsoro a kan farashi. Mai gini ya ga adadi ya kama kai, ya ce a miƙe bangon kawai a huta. Haka masu zane da yawa suka riƙa rasa abin da suka zana tun kafin a haƙa harsashi.

Lokacin da aka gama ginin Vitra, Gehry yana da shekara 60. Haifaffen Toronto ne ta Kanada, ofishinsa yana yankin Los Angeles a Amurka, kuma a wannan shekarar ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi daraja a sana'ar. Suna ya samu, manyan ayyuka sun fara zuwa, kuma siffofin da hannunsa yake fitarwa sai ƙara murɗewa suke yi. Ofishin kuwa na fensir ne da kwali da gam. A 1989 ɗin ne Jim Glymph ya shigo, mutumin da ya goge wajen tafiyar da manyan ayyukan gini, aka ɗora masa nauyin ganin abin da maigidan ya zana ya ginu.

Kifin da ya ƙi shiga takarda

Zakaran gwajin dafin bai ma kai a kira shi gini ba. Birnin Barcelona na Sifaniya yana shirin karɓar wasannin Olamfik na 1992, ana ta gyara bakin teku, sai aka nemi Gehry ya yi wata inuwa ta ado kusa da Hotel Arts. Ya zana kifi mara kai mara jela, tsawonsa kimanin mita 56, tsayinsa kimanin mita 35, fatarsa ta siraran ƙarafa masu ruwan zinariya da aka sarƙe kamar saƙar kwando. Babu ɗaki a ciki, babu famfo, babu wayar lantarki. Siffa ce zalla. Kuma ranar buɗe wasanni ba ta ɗaguwa saboda wani mai zane bai gama lissafi ba.

Kamfanin da aka ba ƙirar, Permasteelisa na ƙasar Italiya, ya karɓi zanen takarda ya yi ta gwada fitar da samfurin fatar, abu ya ƙi zama. A nan Glymph ya shiga neman mafita a wajen kwamfuta.

Kada a ɗauka a lokacin babu manhajar zane. Tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna a jami'ar MIT cewa ana iya zane a allon kwamfuta da manhajarsa Sketchpad. Manhajar zane mai suna AutoCAD ta fito a ƙarshen 1982, kuma zuwa 1990 ta shiga ofisoshin zane da yawa. Sai dai yawancin masu amfani da ita teburin zane kawai suka mayar cikin allo: layukan da suke ja da fensir su suke ja da linzamin kwamfuta. An samu sauri, an huta da gogewa, amma takardar da ke fitowa daga ƙarshe ita ce dai wadda ta gaza a Vitra.

Gwajin farko an yi shi da taimakon Farfesa William Mitchell, masanin zane da kwamfuta, da wani ɗalibinsa, inda suka gina kifin a manhajar Alias, wadda masu fina-finai da masu zayyana surar kaya suke ji da ita. Kifi ya fito a allo gwanin sha'awa. Ana juya shi, ana haska shi, kowa ya yaba. Da aka zo tambayar da maƙeri yake yi, wato a ina daidai wannan ƙarfe zai haɗu da wancan, sai amsar ba ta kai daidaiton da za a yanka ƙarfe a kansa ba. An yi manhajar ne don ido ya gamsu. Ido kuwa yana yafe milimita goma, noti ba ya yafewa.

A ganina wannan gazawar ita ce darasi mafi tsada da ofishin ya koya, kuma tun kafin ya taɓa manhajar da ta yi masa suna ya koye shi. Sun gane cewa tambayar ba ita ce wace manhaja ce take fitar da hoto mai kyau ba. Tambayar ita ce su wane ne a duniya suke ƙera abu mai lanƙwasa ta ko'ina, wanda dole awonsa ya zauna daram, kuma da me suke aiki? Amsar tana wajen masu ƙera motoci da jiragen sama.

Su waɗannan sun riga masu gini shan wannan wahala da shekaru talatin. A Faransa, Paul de Casteljau a kamfanin Citroën da Pierre Bézier a kamfanin Renault sun fitar da hanyar bayyana layi mai lanƙwasa da lissafi tun wajajen 1960: 'yan ɗigo kaɗan ne suke riƙe da layin, ka ja ɗigo ɗaya layin ya biyo shi, kuma duk inda ka taɓa a jikinsa lissafi zai ba ka matsayinsa daidai. Kamfanin jiragen sama na Dassault, masu jirgin yaƙin nan Mirage, ya fara haɗa tasa manhajar a 1977. A 1981 aka sa mata suna CATIA, aka kafa kamfanin Dassault Systèmes don ci gaba da ita, kamfanin kwamfuta na IBM kuma ya ɗauki nauyin sayar da ita. A daidai lokacin da Glymph yake neman mafita ga kifinsa, kamfanin Boeing yana zana jirginsa samfurin 777 gaba ɗaya a cikinta.

Ta hanyar IBM aka samu Rick Smith, wanda ya ƙware a CATIA a masana'antar jiragen sama. Shi ya zauna ya sake gina kifin. Wannan karon fatar ba hoto ba ce, lissafi ce: a tambayi kowane ɗigo a jikinta, za ta ba da lamba uku da ke nuna inda yake a sarari. Daga fatar aka fitar da ƙashin ƙarfen da zai riƙe ta, aka fitar da tsawon kowane guntu da kusurwar kowace mahaɗa.

Sai kuma abin da masu ba da labarin sukan wuce da sauri, alhali shi ne ƙashin bayansa. Permasteelisa ma ya sayi CATIA ya koya. Da ofishin Gehry kaɗai ya iya, da sai an sake mayar da kifin takarda kafin a aika Italiya, a koma gidan jiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun da mai zane da maƙeri suna duban samfuri ɗaya, lambobi suka riƙa tafiya kai tsaye daga allo zuwa wurin yanka, da takardu 'yan kaɗan. Kifi ya tsaya kafin a kunna wutar wasanni a watan Yulin 1992, kuma yana nan har yau yana ƙyalli a bakin teku.

Wa ya koyi me?

Wanda ya ji an ce ofishin Gehry ya koma kwamfuta zai zaci maigidan ne ya zauna gaban allo. Ko kusa. Gehry bai koyi sarrafa CATIA ba, bai ma ɓoye cewa hoton allo ba ya burge shi ba. Yana ganin yana busar da ran abin da ke cikin kansa. Ya ci gaba da zanensa na hannu mai kama da kwaramniyar zare, ya ci gaba da tsayawa kan samfuran katako da takarda yana cewa a yanke nan, a tura can.

Yadda aikin ya zauna ke nan. Da farko a jera guntayen katako, kowanne yana wakiltar ɗaki ko zaure da girmansa, har sai tsarin ciki ya yi ma'ana. Sannan a lulluɓe su da takarda da kwali ana neman siffar waje, samfuri bayan samfuri, manya da ƙanana. Idan ɗaya ya kwanta wa maigida a rai, sai a ja masa layuka a jiki kamar raga, a kawo wani hannun awo mai gaɓoɓi da tsinke a bakinsa. Ma'aikaci ya ɗora tsinken a mahaɗar layi ya danna, kwamfuta ta ɗauki matsayin wurin, ya matsa gaba ya sake dannawa. Aiki ne mai cin rai, ɗigo bayan ɗigo. Daga waɗannan ɗigogin mai CATIA zai ja layuka, daga layuka ya shimfiɗa fata. Ba a nan aka tsaya ba: sai a sa injin sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa ya fitar da sabon samfuri daga lissafin, a ajiye shi kusa da na hannu, Gehry ya duba ko kwamfuta ta ci amanarsa. In ta sauya wani abu, a koma.

Ke nan a wancan matakin kwamfuta ba ta ƙirƙiro siffar ba, tafinta ce tsakanin hannun mai zane da injin maƙeri. Masu jin yarenta kuwa 'yan tsiraru ne a ofishin, suna aiki a kan manyan kwamfutocin IBM masu tsada, sauran ma'aikata suna ci gaba da fitar da takardun da hukuma da 'yan kwangila suke nema a AutoCAD.

Abu na biyu da suka koya ya fi danna maɓalli wuya, shi ne halin kayan aiki. Ɗauki tabarma. Tana naɗuwa ta gefe ɗaya ba gardama, za ka iya mayar da ita kamar ganga ko kamar mazurari. Amma ka kifa ƙwarya ka ce tabarma ta kwanta a bayanta lif, sai ta tattare, don bayan ƙwarya yana lanƙwasa ta gefe biyu a lokaci guda. Farantin ƙarfe halinsa ɗaya da tabarma. Lanƙwasa ta gefe ɗaya araha ce, ma'aikaci ma zai iya yi da hannu a wurin aiki. Ta gefe biyu kuwa sai an buga shi a cikin wani mazubi na musamman, kuma idan kowane faranti da nasa mazubin, kuɗi ya tashi. CATIA tana iya auna wannan, ta shafa wa fatar gini launi: nan lafiya, nan ƙarfe zai yi gardama. Sai masu zane su koma su sassauta wurin. Wannan ne ma ya sa yin samfuri da takarda ya zama dabara ba tsohon yayi ba, domin abin da takarda ta yarda ta yi, farantin ƙarfe ma zai yarda.

Na uku ba na fasaha ba ne sam, na amana ne da shari'a. A al'adar aikin gini a Amurka, mai zane yana nuna abin da yake nufi ne, ɗan kwangila shi ke fitar da zanen ƙira dalla-dalla ya ɗauki alhakin awo. Lauyoyi da kamfanonin inshora sun fi son haka, saboda in abu ya karkace an san wanda za a kama. Ranar da ka miƙa wa maƙeri samfurin kwamfuta ka ce ya yanka a kansa, ka jawo alhakin awon zuwa kanka. Ofisoshi da yawa sun ga wannan sun ja da baya. Glymph da Gehry sun karɓa, bisa lissafin cewa wanda yake riƙe da awo shi yake riƙe da ginin. Duk mai koyon manhajar zanen gini irin su Revit ko ArchiCAD a yau da ya taɓa tambayar kansa wa zai dogara da samfurin da yake ginawa, kuma wa za a tuhuma in lamba ta yi ƙarya, wannan tsohuwar tambayar ce ta iso gabansa.

Bilbao

Masu bin La Liga sun san Bilbao da ƙungiyar Athletic. Kafin ƙwallo ta kai sunan garin nesa, ƙarfe da ƙirar jiragen ruwa ne arzikinsa. A shekarun 1980 masana'antun suka durƙushe, ambaliyar watan Agustan 1983 ta ƙara wa garin rauni, bakin kogin Nervión ya cika da matattun ma'aikatu. Hukumomin yankin Basque na Sifaniya, inda Bilbao take, suka yanke shawarar farfaɗo da garin, suka ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Guggenheim ta New York, wadda Thomas Krens yake shugabanta, a gina gidan baje kolin fasaha. A 1991 Gehry ya ci gasar zanen, inda ya kara da Arata Isozaki na Japan da ofishin Coop Himmelblau na Austriya. An fara gini a watan Oktoban 1993.

Daga kifi mara ɗaki zuwa gini mai faɗin murabba'in mita 24,000, tsalle ne babba. Akwai zaure guda mai tsawon mita 130 babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa, ya kutsa ta ƙarƙashin gadar La Salve. Injiniyoyin ƙashin ginin na kamfanin SOM ne a Chicago, masu kula da aiwatarwa na kamfanin IDOM ne a Bilbao, masu zane suna Los Angeles. Abin da ya haɗa su shi ne samfuri guda.

Wani abin mamaki ga wanda ya ga hoton ginin yana murɗe-murɗe: manyan ƙarafan da suke ɗauke da shi miƙaƙƙu ne. An jera su kamar raga mai ido kimanin mita uku-uku, kowanne yana ɗan karkata daga na kusa da shi, kamar yadda za ka zagaye da'ira da karan dawa gajeru. A kan wannan aka ɗora bututu masu lanƙwasa a kwance, a kansu kuma aka ɗora wasu sirara a tsaye, su ne suka fitar da ainihin siffar. Lanƙwasa mai tsada an bar ta ga ƙananan ƙarafa masu sauƙin tanƙwarawa, nauyi kuma an bar wa miƙaƙƙu masu araha. Irin wannan rabon aiki ba ya yiwuwa sai kana da lissafin fatar a hannu, kana iya ja da baya daga gare ta taki-taki.

Kamfanin Urssa da ya ƙera ƙarafan ya ɗauki bayanan ya zuba a wata manhajar ta masu aikin ƙarfe mai suna BOCAD, wadda ta fitar da kowane guntu da ramukan notinsa, ta kuma tuƙa injinan yanka da huda. An manna wa kowane guntu lambar nan mai zane-zane irin ta jikin kayan kanti. A wurin aiki a karanta lambar, a san mazauninsa, a ɗaga shi, a daidaita da na'urar awo mai hasken leza wadda take karɓar matsayi daga samfurin. Da noti aka ɗaure yawancinsu ba da walda ba, kuma noti ba ya shiga sai rami ya hau kan rami. Gehry ya sha ba da labarin cewa da aka nemi tayin aikin ƙarfen, kamfanoni shida sun kawo farashin da bambancinsu bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma ya yi ƙasa da ƙiyasi da kashi 18 cikin ɗari. Dalili a fili yake: kowa ya ga adadin ƙarfen da zai saya, babu wurin ɗora kuɗin tsoro.

Fatar waje faranti ne na titaniyam kimanin 33,000, kaurin kowanne bai kai rabin milimita ba. Titaniyam ƙarfe ne mai tsada, na jiragen sama, amma faɗuwa ta zo daidai da zama: a lokacin da ake neman saye, Rasha ta zubo nata a kasuwa farashi ya sauka. Nan ma akwai wayo irin na tela mai tsimin yadi. Ba kowane faranti ne da girmansa ba. 'Yan girma kaɗan ne suka rufe mafi yawan jikin ginin, a shimfiɗe aka kawo su, a wurin aka kwantar da su. Sirantarsu ce ta sa suke 'yar kumbura suna kama hasken garin mai yawan hadari. Sassan dutse kuwa injin da ke karanta samfurin ne ya sassaƙa su.

Sarki Juan Carlos ya buɗe gidan ranar 18 ga Oktoban 1997, a kan lokaci kuma cikin kasafin da aka yi masa na kimanin dala miliyan 100. A shekarar farko mutum fiye da miliyan ɗaya suka shiga.

Can gida kuwa

Abin da ya sa wannan lamari ya dace da nazari shi ne a daidai waɗannan shekarun akwai wani aikin na Gehry da ya bi ɗaya hanyar, kuma a garinsu. A 1987 Lillian Disney, matar marigayi Walt Disney, ta ba da dala miliyan 50 a gina zauren kaɗe-kaɗe a Los Angeles. Gehry ya ci gasar a 1988. Amma bisa tsarin da aka yi, wani ofishi daban aka ba aikin fitar da zanen gini dalla-dalla. Siffar da aka haifa a samfuri sai aka mayar da ita tulin takardu ta hannun waɗanda ba su suka haife ta ba. 'Yan kwangila suka duba, ƙiyasi ya yi tashin gwauron zabi, zuwa ƙarshen 1994 aiki ya tsaya cik. Abin da aka samu a wurin shi ne wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa da hukuma ta kashe wa kimanin dala miliyan 110, babu zaure a kansa.

Adalci shi ne a ce ba zane kaɗai ya kayar da aikin ba. Tattalin arzikin California ya yi sanyi a lokacin, tara gudummawa ya yi wuya, girgizar ƙasar Northridge ta watan Janairun 1994 kuma ta sa an tsaurara ƙa'idar haɗa ƙarafa. Duk da haka, a garin an riƙa cewa Gehry yana zana abin da ba ya ginuwa. Sai ga Bilbao ta tashi a idon duniya, gani ya kori ji. Da aka farfaɗo da aikin, aka so a sake ba wasu su ƙarasa zanen, Gehry ya ce in haka ne shi ya fita. 'Yar gidan, Diane Disney Miller, ta tsaya kai da fata cewa ofishinsa ne zai yi, ta kuma sa kuɗin iyalinta a kai. An koma aiki a ƙarshen 1999, an sauya fatar daga dutse zuwa ƙarfen da ba ya tsatsa, aka buɗe zauren a watan Oktoban 2003.

Tsakanin nan ofishin ya yi ta gwada hanyar a kan wasu kayan. A Düsseldorf ta Jamus injin ya sassaƙa mazubin kankare daga farin soson nan mai tauri irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, kowane bango da nasa. A 2002 aka ware sashen kwamfutar ya zama kamfani mai zaman kansa, Gehry Technologies, wanda ya gina manhajar Digital Project a kan CATIA don masu gini, ya riƙa koyar da wasu ofisoshin. Kamfanin Trimble ya saye shi a 2014. Ofishin da ya fara da aron gwani guda daga masu jirgin sama ya ƙare yana sayar da ilimin.

Inda lissafi bai kai ba

Samfuri yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Ginin Stata na jami'ar MIT, wanda aka buɗe a 2004, da wannan hanyar aka yi shi, amma a 2007 jami'ar ta kai ofishin Gehry da kamfanin da ya gina shi kotu, tana kukan yoyo da tsagewa da ƙanƙarar da ke zubowa daga rufi tana tare ƙofofi. An sasanta a 2010. Siffa ta fita yadda aka zana ta. Ruwan sama ne bai karanta samfurin ba.

Zauren Disney ma ya zo da nasa. Yawancin fatarsa an dusashe ta, amma wani sashe an bar shi yana sheƙi kamar madubi, kuma yana da lanƙwasa mai zurfi irin ta cikin kwano. Injin ya yanka shi daidai, maƙera sun ɗora shi daidai. Da rana ta faɗo a kai sai ya tattara haskenta ya watsa cikin gidajen da ke tsallaken titi, mazauna suka yi ta kukan zafi da tsadar kuɗin sanyaya ɗaki, direbobi suna kukan kashe ido. Da aka auna, wasu wurare a gefen titi sun kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. An sake komawa kwamfuta, wannan karon aka tambaye ta inda hasken yake faɗawa, ta nuna farantan da ke da laifi. A 2005 ma'aikata suka hau jikin ginin da injin gurza na hannu, suka bi farantan ɗaya bayan ɗaya suna kashe musu ƙyalli.